"Malama, da gaske ne maciji ya hana mutanen Daura ruwa?"

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a cikin garin Daura, 'yan aji biyar nake koyarwa. Kwanan baya muka kai yara rijiyar Kusugu, aka ba su labarin Bayajidda da macijin. Muna fitowa wata yarinya ta ja mayafina ta ce, 'Malama, da gaske ne ko tatsuniya ce?' Wallahi na rasa abin da zan ce mata. Da na koma gida, ƙanena da ke karatun kimiyya ya ce ɓata lokaci muke yi, yaran da suka tashi da waya a hannu ba labarin maciji suke bukata ba. Maigidana kuma tsoronsa kada abin ya taɓa aƙidar yara. Shin irin waɗannan labarai suna da sauran amfani a wannan zamani, ko mu bar su su tafi da tsofaffi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ƙi sallamar yarinyar nan da amsar da ba ki gamsu da ita ba. Tambayar taki uku ce a dunƙule. Yarinya tana son ta san ko abin ya faru, ƙanenki yana tambayar amfaninsa, maigidanki kuma yana tambayar halaccinsa. Na koyar da tarihi sama da shekara 30 a makarantun sakandare tsakanin Daura da Katsina kafin in yi ritaya, kuma babu ɗaya cikin ukun da ɗalibi bai taɓa tare ni da ita ba a bakin wannan rijiya. Matsayina shi ne kada ki bar labarin, kada kuma ki bayar da shi kamar kina karanta hadisi. Ki bayar da shi cikakke, sannan ki gaya wa yara wace irin magana ce. Wannan na biyun shi ne aikin da muka fi sakaci da shi.

Kakanninmu ba su zuba komai a tukunya ɗaya ba

Ki tuna yadda kakarki take buɗe tatsuniya. "Ga ta nan, ga ta nanku," ku ce "ta zo mu ji ta." In ta gama ta ce "ƙurunƙus," ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wato tun daga ƙofar shiga har ƙofar fita an sanar da yaro cewa wannan ƙagaggen zance ne. Har lokacinta aka ware mata: da dare ake yin ta, wanda zai yi da rana sai ya ɗaure Gizo tukuna. Ƙissa kuwa ta annabawa da sahabbai ce, malami ke bayar da ita, ba a wasa a cikinta. Akwai almara, akwai camfi, akwai tarihin sarakuna da maroƙa da makaɗan fada ke riƙe da shi, sarki bayan sarki.

To ba ki taɓa jin wanda ya buɗe labarin Bayajidda da "ga ta nan" ba. Ba ki kuma taɓa jin an karanta shi a kan mumbari ba. Wuri na daban yake zaune: labarin asali ne, wanda al'umma ke bayarwa don ta bayyana daga ina mulkinta ya fito da abin da ya haɗa ta da maƙwabtanta. Yarinyarki hanya biyu ta ba ki, gaske ko tatsuniya, alhali akwai ta uku da ba a koya mata ba.

Labarin da kansa

Ga shi a taƙaice saboda masu karatun da ba 'yan Daura ba. Bayajidda, wanda ake kuma kira Abu Yazidu, ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya baro gida ya sauka Borno, Mai, wato sarkin Borno, ya aura masa 'yarsa. Da zama ya ƙi daɗi ya gudo yamma, ya bar matar a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura cikin dare ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce a garin nan ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin Kusugu, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, masu ƙarya suka yi ta kawo kawunan da ba su dace da gangar jikin ba, har baƙo ya fito da na gaskiya. Ya ce ba rabin gari yake so ba, aurenta yake so. Kuyangar da Daurama ta ba shi, Bagwariya, ta haifi Karɓagari, ita kuma Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura, Katsina, Kano, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika Hausa Bakwai.

Yanzu ki sake duba shi a tsanake. Baƙon nan ya tarar da gari a kafe, da sarauniya a kan gado, da fada, da rijiya ginanniya, da maƙera a Gaya masu sarrafa ƙarfe. Kafin Daurama ma akwai jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru, da tsohon mazauninsu da har yau muke kira Tsohon Birni. Har sunan Bayajidda ana fassara shi da "ba ya ji da", wato mutumin da bai iya harshen garin ba. Ashe labarin bai taɓa cewa Bayajidda ne ya haifi Hausawa ba. Gidajen sarauta yake magana a kai. Mu malamai ne muka riƙa rubuta wa yara a allo cewa Hausawa sun fito daga Bagadaza, muka ɗora wa labarin kayan da bai ɗauka ba, sannan masu bincike suka zo suna rushe abin da mu muka gina.

Inda bincike ya kai

Harshen Hausa ɗan dangin harsunan Cadi ne. 'Yan'uwansa su ne irin su Bolanci, Badanci, Ngizim da Angas, duk a nan kusa da mu. Kalmomin Larabci da ke cikinsa aro ne da addini da fatauci suka kawo. An sami shaidar narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, ita kuwa Bagadaza a shekarar 762 aka gina ta. Saboda haka mutanen ƙasar nan suna nan kafin birnin da aka ce kakan sarakunansu ya fito.

Akwai wani Abu Yazidu na haƙiƙa a tarihi, Babarbaren Arewacin Afirka da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a yankin Tunisiya ta yau, ana masa laƙabi da mai jaki, aka kashe shi a 947. Wasu masana sun ce wataƙila mabiyansa da suka watse ne suka ƙetaro Sahara da sunansa. Hasashe ne mai kyau, amma hasashe ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta wajen 1812, cewa ya yi Bawo bawan Mai na Borno ne da aka ɗora a kan waɗannan ƙasashe. Kin ga ruwaya ta bambanta tun shekara 200 da suka wuce, kuma kowane mai ruwaya yana da inda ya tsaya. Marigayi Abdullahi Smith da marigayi Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi doguwar jayayya da masu ɗaukar labarin a matsayin asalin daulolin Hausa. A ganinsu biranen nan sun taso ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, saboda noma da tama da kasuwa da bukatar tsaro, ba wani jarumi ɗaya ya zo ya rarraba su ba. Ni a wannan ina tare da su.

Akwai kuma alamomin da ke nuna an sake saƙa labarin bayan zuwan Musulunci. Ranar Juma'a da aka ambata ɗaya ce. Danganta asali da gabas ma ba mu kaɗai muka yi ba: sarakunan Borno na da sun danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Yarbawa suna da labarin Lamurudu, mutanen Borgu suna da na Kisra.

Amma kada wannan ya sa a ce duka shaci-faɗi ne, domin ruwa ba ya tsami banza. Labarin ya bi da baƙon ta Borno, kuma tasirin Borno a sarautunmu a fili yake, ita kanta kalmar galadima daga can muka samo ta. Ya ce mata sun yi mulki, ga shi har gobe akwai sarautar Magajiya a Daura, kuma da Sallah ana Hawan Magajiya. Misalin da ya fi burge ni shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Mutanen wurin sun daɗe suna cewa tuddan nan kaburburan sarakunan farko na Katsina ne, zuriyar Kumayau. A 1907 Bature Palmer ya tona wasu a zamanin Sarkin Katsina Dikko, aka sake tonawa a farkon shekarun 1990, aka kai kayan Jamus aka gyara aka auna shekarunsu. Sai ga manyan mutane an binne su da zinariya da hauren giwa da wuri da kwanonin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, wasu tun wajen ƙarni na 13 zuwa na 14. Tono bai ba mu sunan ko mutum ɗaya ba, amma ya tabbatar da cewa bakin tsofaffi ya riƙe wurin daidai shekara ɗaruruwa.

Ban taɓa ganin hujjar da za ta tabbatar ko ta kore cewa wani mutum ya kashe wani maciji a wani dare ba, kuma irin wannan ba abin da kayan aikin masanin tarihi ke iya kamowa ba ne. Nan iyakarmu take.

Me ya sa ruwa?

Nan nake so ki daɗe da yara, don nan ne zuciyar labarin. Da mutanen Daura suka tashi bayyana dalilin da ya sa wani gida ya cancanci mulki, ba su ce ya ci su da yaƙi ba. Ba su ce ya fi kowa dukiya ba. Cewa suka yi ya buɗe musu rijiya. Duk wanda ya yi bazara a ƙasar nan, ya ga mata da yara a layi da jarkoki, ya ga yadda kuɗin kurar 'yan ga-ruwa ke tashi a watan Afrilu, ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kuma ki lura da sunan macijin: Sarki. Akwai mai iko da ke zaune a kan abin da jama'a ke bukata yana ba su rana ɗaya cikin bakwai, akwai kuma wanda ya zo ya sake musu shi kullum. Har wasu na cewa daga "makas-sarki" aka samo kalmar sarki. Ko masana harshe sun yarda da wannan ko ba su yarda ba, darasin da ke ciki ya isa a koya wa duk mai neman kujera.

Sai sauran mutanen cikin labarin. Tsohuwa ce, ba attajiri ba, ta sauki baƙon da ba ta san shi ba cikin dare. Masu da'awar aikin da ba su yi ba sun kunyata saboda an nemi shaida, an gwada kai da gangar jiki. Baƙo bai ƙwace gari ba, aure ya nema, ya shiga cikin mutane. A wasu ruwayoyin ma daga wannan safiya aka samo sarautun Galadima da Kaura, wanda ya kai labari fada da wanda ya yi ƙarfin halin matsawa ya tabbatar macijin ya mutu.

Wata shekara na raba ɗalibaina na aji huɗu, na ce kowa ya je ya karɓo labarin daga bakin tsoho ko tsohuwar gidansu ya rubuto yadda ya ji. Abin da suka kawo ya ishe mu aikin mako biyu. Wani maciji, wata macijiya. Wani ya ce a kan doki baƙon ya zo, wani ya ce alfadari. A wani gidan ya bar takalminsa a bakin rijiya, a wani babu zancen takalmi. Wani yaro da kakarsa Bagobira ce ya dawo yana cewa ita sam ba ta yarda ba, su daga Azbin suka gangaro. Amma rijiya da hana ruwa da tsohuwa da aure ba su faɗi a bakin kowa cikin 'yan Daura ba. Na ce musu to ku gaya mini, me ya sa waɗannan suka zauna, waɗancan suke yawo? A wannan makon suka koyi auna ruwaya fiye da abin da na koya musu a zango guda.

Ga ƙanenki

Gaskiyarsa, duniya tana gudu. Daurar da na fara aiki a cikinta ba ita ce ta yau ba, mai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Ina son yaranmu su zama injiniyoyin da za su haƙa burtsatse su haɗa masa sola. Inda na saba da shi shi ne zaton cewa in an kori tsohon labari, hankali tsantsa ne zai maye gurbinsa. Ba haka na gani ba.

Ya tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Masu digiri sun tashi iyalansu da asuba sun yi, wasu har asibiti, wasu sun rasa ransu. Ba kaka ce ta kawo wannan ba. Ya tuna jita-jitar lambar wayar da in ka amsa za ka mutu, da ta satar mazakuta da ta sa aka yi wa bayin Allah dukan kawo wuƙa a kasuwanni. Ɗan Adam bai daina ƙishin abin al'ajabi ba, masu shayar da shi ne suka canja. Kuma bambancin yana da girma. Tatsuniyar kaka tana da mai ita, tana da lokaci, tana sanar da kai cewa ƙarya ce. Saƙon WhatsApp ba shi da uwa ba shi da uba, yana zuwa da rantsuwa, yana cewa ka tura wa mutum goma. Mun sa wa intanet suna yanar gizo, kuma sunan ya dace, sai dai wannan Gizon ba mai ɗaure shi. Yaron da aka koya masa tambayar wa ya faɗa, yaushe, me yake so, a kan labarin Bayajidda, shi ne zai yi wa saƙon waya irin wannan tambaya.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Muna yara akwai tsamiyoyi da kukoki da ba mai kai musu gatari, an ce masu abu suna ciki. Ana hana yaro leƙa rijiya, ana hana fita da almuru. Ilimi ya zo ya rage wannan tsoro, kuma ban yi baƙin ciki ba. Baƙin cikina shi ne ba mu sa wani dalili a gurbinsa ba. Tsoro ya tafi, mai gawayi ya zo, a ƙasar da hamada ke leƙowa. Camfi sau da yawa doka ce da aka sa wa rigar tsoro don yaro ya kiyaye. In za ka tuɓe rigar, sai ka tsaya ka bayyana dokar.

Ga maigidanki

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukunci a nemi malamai. Abin da zan iya cewa shi ne tsoronsa yana da tushe, kuma layin a bayyane yake. Ba da labari daban, neman biyan bukata a wurin rijiya ko itace ko kabari daban. Na ga masu ɗibar ruwan Kusugu a gora da niyyar waraka, kuma ina gaya wa ɗalibai cewa ruwa ne, a sha don ƙishi da tunawa, waraka ta Allah ce. Shehu Usmanu ya yi wa'azi mai zafi a kan masu yanka da zuba wa itatuwa da duwatsu, amma ɗansa Bello ya zauna ya rubuta labaran asalin ƙasashen nan. Malaman tafsiri ma sun kasa labaran Banu Isra'ila uku: wanda ya dace da abin da aka saukar, wanda ya saɓa, da wanda aka yi shiru a kansa, ana iya ba da shi ba tare da gaskatawa ko ƙaryatawa ba. Wannan tarbiyya ce babba, mutum ya iya riƙe magana a hannu bai haɗiye ba bai kuma jefar ba.

Kuma a raba gaibu da abin da ba a bincika ba tukuna. Gaibu shi ne abin da Allah ya ɓoye, kamar ruhi, wanda aka ce ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Wannan imani ake yi da shi. Shekarun ganuwa ko zurfin rijiya ko abin da ke ƙarƙashin Tsohon Birni ba gaibu ba ne, ruwa na ƙasa ne sai ga wanda bai tona ba. Yaro yana bukatar duka biyun: tawali'u a gaban na farko, ƙwazo a gaban na biyu.

Wuri ɗaya nake so ki yi hattara, wato Banza Bakwai. Labarin ya jingina Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Yarbawa da Kwararrafa ga Karɓagari ɗan kuyanga. Wannan siyasar fadojin wancan zamani ce, kuma kowace daga cikin ƙasashen nan tana da nata tarihin mai zaman kansa. A ajinki ba za a rasa ɗan Bayarabe ko Banufe ko Bazamfare ba. Ki faɗi sunan yadda aka gada, ki kuma faɗa musu a fili cewa babu al'ummar da take banza, kada wani ya fita tara ya tsokani ɗan'uwansa da shi.

Ita kuwa yarinyar, ki kira ta gobe. Ki ce mata rijiyar gaske ce, ta gan ta da idonta. Sarauniyoyi da sarautar Magajiya da dangantakarmu da Borno suna da shaida. Maciji da daren da aka kashe shi kuwa haka kakanni suka ba mu, ba wanda ya rubuta a lokacin, kuma sun ba mu ne don mu san irin shugaban da suke so. Daga nan ki ba ajin duka aikin gida: kowa ya samo labarin daga bakin babba a gidansu, ya rubuta sunan unguwar da shekarun mai ba da labarin, in da hali a ɗauki muryar a waya. Ki roƙi ƙanenki ya taya ki tattara muryoyin a wuri ɗaya, tun masu su suna raye.